Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa gare ki, 'yar Kaka, tare da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, mota ba ta wahalar da ku ba, kuma mutanen da kika tarar masu kirki ne. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Amin.

Ina rubutun nan da hantsi, kina can gidan kitso, gobe kuma za ki tafi. Na san ranar da za ki gan ta za ki yi mamaki: kin kwance ƙullin busasshen kifi kina neman abin miya, sai ga takarda naɗe cikin ɗankwalina. Ni na sa ta. Na zaɓi wajen kifin don na san halinki, ba za ki daɗe a garin mutane ba ki nemi kifin tabkin Madarumfa ba. A littattafan da nake karantawa turare ake fesa wa wasiƙa. Taki ƙarnin tarwaɗa ta samu. Ki yi haƙuri da ita haka.

Ba zan raka ki tasha ba, kin sani. Babanku da ƙannenki za su je, ni zan tsaya bakin murhu in yi kamar tukunya ta fi ki muhimmanci. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ga ni ina fafe tawa, don Gwaggonki Hassana ta zo jiya ta zauna a tabarmata, ta sha fura, ta kwashe maganarki kaf ta zuba mini. Kada ki yi fushi da ita, ciki ba ya riƙe mata magana tun muna 'yan mata.

Ta ce makarantarku ta koyon jinya ta tura ki gidan likitan wani ƙauye can wajen Dakwaro, ki yi sitaj, wato koyon aiki a hannu, ki kuma ƙarasa binciken da ba a ba ku takardar kammalawa sai da shi. Ta ce bincikenki a kan matasan uwaye ne, dalilin da ya sa in sun kawo yaro ba sa faɗin abin da ke damunsa. Ta ce a sitaj ɗin baya kin yi ta tambaya, kin koma da takardu kusan farare, malaminku ya ce ki sake. Sannan ta ce kin ce mata: "Gwaggo, in wanga karo ma haka ya zama, ajiye farar rigar zan yi. Matan nan ba su yi mini magana. In na tambaye su mi ke damun yaro, sai su sunkuyar da kai suna wasa da bakin mayafi. Amma ina laifinsu? Uwar da ta haife ni ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Wataƙila ni ce ba a iya yi wa magana."

Da na ji, dariya na fara yi, har Hassana ta ce ba ni da imani. Bayan ta tafi kuma na shiga ɗaki na share hawaye. Dariyar ta me ce? Ke kina yawo gari-gari da biro da takarda kina neman matar da ke yin shiru gaban malamar jinya, alhali ga ta nan tana dama miki fura tun kina rarrafe. To zauna ki ji. Ba wa'azi zan yi miki ba, ban iya ba. Wautata zan ba ki, ki tsinci abin da zai yi miki amfani.

An kawo ni gidan nan daga Safo da akwati ɗaya na tufafi da kwali ɗaya na littattafan soyayya. Har yau Amarya ake ce mini a unguwa, sunan ya ƙi fita, ni ma ban kore shi ba. Babanku a lokacin yana jan mota tsakanin Maraɗi da Katsina, ta Ɗan Issa. Da ya gane abin da nake so, sai ya riƙa sayo mini littafi a kowace tafiya. Shi ba ya karanta boko, da bango yake zaɓa: in ya ga mace mai murmushi, ya biya ya sa aljihu. Wata rana ya shigo yana washe baki, ya miƙo mini wani mai hoton mace da jariri. Na buɗe da zumuɗi ina jiran in ga wane saurayi ne zai fito, sai na tarar da bayanin shayarwa da rigakafi. Na ce, "Malam, wannan ai babu labari ciki." Ya ce, "To ai matar ta fi na sauran kyau." Na yi fifitar wuta da shi har ya yage. Kin ga irin uwar da Allah ya ba ki.

Da aka haife ki, na yi abin da uwata ta yi, da abin da tata uwar ta yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ke nan, kuma mu a wajenmu ado ce. Kakarki, uwar babanku, ita ke ɗaukarki, ita ke miki rawa, ita ke faɗin sunanki da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ni sai dai a ce, "Amarya, ga ta tana kuka," in karɓe ki ina kallon bango kamar an ba ni ajiyar wani. In an bar mu mu biyu a ɗaki kuwa, Allah kaɗai ya san irin surutun da nake miki. Duk kalmomin da na tsinta a littafi, na 'yan mata da na samari, a kunnenki na zuba su. Ba ki san haka ba, don da kika fara wayo na daina.

Damina ta farko bayan kin fara zama, zazzaɓi ya kama ki. Da safe Kaka ta goya ki, ni ina biye da jaka, muka tafi gidan likita. Malamar da ke duba yara wata doguwar mata ce, Madam Rabi, mai tabarau da igiya a wuya. Ta dube ni ta ce, "Ke ce uwar?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Mi sunan yarinyar?" Kaka ta faɗa. Ta ce, "Mi ke damunta?" Kaka ta ce, "Haƙori ne, madam. Duk ɗiyana haka sunka yi. Ki ba mu na zafin jiki mu tahi, na bar gero a turmi."

Ni kuwa na san ba haƙori ba ne. Ni ke kwana da ke. Na san tun jiya kin ƙi nono, na san duk abin da ya shiga bakinki sai ya dawo, na kuma ga lokacin da jikinki ya sanƙare idonki ya juye, na ɗan lokaci, sannan ya sake ki. Kaka ba ta gani ba, ban kuma faɗa mata ba. Maganar tana nan a bakina. Amma in buɗe baki gaban uwar mijina in yi bayanin ɗiyar fari, kamar wata marar ta-ido? Na gwammace ƙasa ta tsage. Na tsaya ina murza bakin mayafi, daidai yadda kika ce matanki suna yi.

Madam Rabi ta taɓa ki, ta ɗaga fatar idonki, ta dube ni ta saman tabarau. Sai ta ce da Kaka, "Inna, don Allah taimake ni. Ma'aunin nan nawa ya lalace. Ki je can rumfar awo ki kama mana layi, in na gama dubawa uwar ta kawo ta." Kaka ta gyara zani ta fita.

Na ɗauka yanzu za ta yi mini faɗa. Ba ta ko kalle ni ba. Ta juya baya tana wanke hannu, ta ce, "Littafin mi ne wancan ya leƙo daga jakarki?" Kunya ta ƙara kama ni. Na ce labari ne. Ta ce, "Ni ma ina son labari. To ba ni wani. Wata mata ce a wani gari, tana da 'yar jaririya. Ban san matar ba, ke ma ba ki san ta ba. Mi ya samu ɗiyar tata?"

'Yar Kaka, sai bakina ya buɗe. Na ce, wai matar nan, ɗiyarta ta ƙi nono. Wai in ta sha ruwa sai ta amayar. Wai jikin ɗiyar ya sanƙare har matar ta ɗauka shi ke nan. Na ba da labarin tsaf, har da abin da matar ta ji a ranta, wanda ba a tambaye ni ba. Madam Rabi tana ta wanke hannun da ya riga ya fita tas. Da na kai aya, ta juyo ta ce, "Matar nan tana da ido. Ki gaya mata ta kyauta." Nan take ta kira majo, shugaban gidan likitan, aka kwantar da ke, aka sa miki ƙarin ruwa da allura. Zazzaɓin sauro ne mai tsanani. Da an bi ta haƙori an ba mu ƙwaya mun koma gida, ban san wa zan rubuta wa takardar nan yau ba. Ranar da kika buɗe ido kika cafki nono kamar mai rama bashi, Kaka ta yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya har majo ya leƙo.

Ga abin dariyar. Shekaru bayan haka ina yi wa Kaka tsifa, sai ta ce, "Amarya, kin tuna doguwar madam ɗin nan da ta aike ni kama layi? Wai ma'auni ya lalace! Ina ganin allurarsa tana motsi. Na gane sarai. Na fita ne don ki samu bakin magana, ni ma na taɓa goyon ɗan fari." Muka yi ta dariya har tsifar ta tsaya.

To kin ji. In yarinya ta shigo miki da goyo, tsohuwa na biye, dubi wanda ke amsa tambaya, ki dubi wanda ke kwana da yaron. Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ki kori tsohuwar, kada ki kunyata ta, don gobe ita ce za ta ce a kawo yaro ko kada a kawo. Ki nema mata aiki mai daraja a waje. Sannan kada ki tsare yarinyar da ido. Ki nemi abin yi da hannunki, ki tambaye ta a kaikaice. Ba dole sai dabarar Madam Rabi ba, ita littafi ta gani a jakata. Ke ki duba abin da ya leƙo daga jakar taki matar.

Wauta ta biyu a kan ƙaninki Sani na yi ta. Shi kam ina kiran sunansa har ya gaji, saboda haka babu kunyar da zan fake da ita. Zawo ya kama shi, na kai shi, Madam Rabi ta ba ni garin nan na ƙunshi da ake kaɗawa a ruwa. Tana bayani ina cewa "to, to, to." Gaskiyar magana hankalina ba ya wurin. Na baro wani littafi a daidai inda jarumar ta tsaya bakin tasha da akwati, ban san ko za ta shiga motar ba. Madam na cewa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ni ina can ina roƙon yarinya kada ta shiga mota. Da na zo gida na yi tunani irin nawa: shayi ma in ya yi kauri ya fi aiki. Na juye garin duka a ɗan kofi. Allah ya taimake ni Sani mai baki ne tun yana ƙarami, ya kurɓa ya furzo mini a fuska, ya ƙi sake buɗe baki. Na koma ina ƙorafi wai maganin ba ya shayuwa.

Madam Rabi ta cire tabarau ta ce, "Amarya, laifina ne. Na karɓi 'to' ɗinki ban ƙirga ba." Ta ɗauko gora ta lita, ta ɗauko wani ƙunshin, ta ce, "Kaɗa in gani." Na kaɗa a gabanta, na ɗanɗana, na ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Har yau ko daga barci aka tashe ni zan haɗa shi daidai.

Ki riƙe wannan da kyau: "to" ɗin macen ƙauye gaisuwa ce, ba shaidar fahimta ba. Muna cewa "to" don kada mu ɓata wa mai farar riga lokaci, don kada a ce ba mu da kai, wani lokaci kuma don hankalinmu na kan tukunyar da muka bari, ko kan wata mai akwati a tasha. In kin gama bayani, kada ki ce "kin gane?" Babu wadda za ta ce miki a'a. Ki miƙa mata cokalin ki ce ta gwada miki. Ke ma kuma haka. In majo ko unguwarzoma ta nuna miki wani aiki ba ki kama ba, kada ki yi irin "to" ɗina. Ki ce a sake. Matambayi ba ya ɓata, kuma jikin mutum ba zanen gwaji ba ne da za a farke a sake ɗinkawa.

Maganar ɗinki ta tuna mini da rigar nan. Kin tuna? Da aka ɗauke ki makarantar, na kai wa tela farin yadi a ɓoye, na ce ya sa leshi a wuya da hannu, ya yi mata aiki da zare mai ƙyalli a ƙirji. A littattafaina haka malamar asibiti take: tana tafe takalmi na ƙwas-ƙwas, ƙamshi na binta, wani likita mai mota yana kallonta ta taga. Babanku ya kai miki ita har Maraɗi. Kika dawo da ita ranar hutu kika ajiye kan gadona, kika ce da bango, tunda ni da ke ta bango muke magana, "A gaya wa mai rigar nan asibiti za ni, ba biki ba." Na ji haushi ranar. Sai da kika dawo daga sitaj ɗin farko na ga taki rigar ta gaskiya a cikin bokiti, da tabon amai da na jini da na maganin ciwo, hannunki duk ya bushe da sabulu, sannan na gane littattafaina sun yi mini rowar rabin labari. Babu marubucin da ya taɓa gaya mini jaruma tana kwashe fo.

Na wanke rigar nan da hannuna kina barcin rana, na shanya, na ce ƙanwarki Bilki ce ta wanke. Ina wanki ina jin wani irin daɗi da ban taɓa samu a littafi ba. Ki yi alfahari da tabon nan. Amma ki wanke hannu, ki sake wankewa, ko ruwa na wuya a garin, ko ana yi miki dariya. In likita mai mota ya leƙo ta taga, to, ba na hana ba, ki dai fara gama ɗaure ciwon da ke gabanki. Rigar leshin tana nan ƙasan akwati. Ban fid da rai ba.

Yanzu bincikenki. Ni ban yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba, ban san yadda malamanku ke auna irin wannan aiki ba, kuma ba zan koya miki abin da ban sani ba. Abu ɗaya na sani, shi ma daga mugun halina na koye shi. Ni in an kawo mini sabon littafi, shafin ƙarshe nake fara buɗewa in ga wa ya auri wa. In na san ƙarshe sai in bi labarin a guje, duk abin da bai kai ni can ba in tsallake. Wata rana matan unguwa suna gardamar wani littafi da muka karanta karɓa-karɓa, suna ta yabon wata ƙanwar uba da ta riƙe gidan duka, ni ko tuna ta ban yi ba. Na tsallake ta, don ba ita aka aura ba.

Na ga takardar tambayoyinki ranar da kika bar ta kan tabarma. Bilki ta fassara mini daga Faransanci, tana yi tana hura hanci. Kin yi lakwal? Kin san alamomin haɗari? Kin san amfanin zuwa da wuri? 'Yar Kaka, kin gado ni. Kin riga kin buɗe shafin ƙarshe, kin rubuta "rashin sani", kina neman matan su raka ki can. Wasu kam ba su sani ba, gaskiya ne, kuma aikinki ne ki sanar da su. Amma ni ranar nan na sani sarai, bakina ne aka ɗaure. Wata kuma kuɗin amalanke ne babu, wata mai gidan ne ya yi tafiya ba wanda zai ba ta izini, wata an taɓa daka mata tsawa a gidan likita ta rantse ba ta ƙara magana. In kin tambaye su abin da kika riga kika yanke, shiru za su ba ki, shirun kuma ki rubuta shi a matsayin jahilci. Ki bar shafin ƙarshe a rufe. Ki je inda suke daka, ki karɓi taɓarya ki taya su. Ki tambayi wa ya rako su, yaro na nawa ne, fari ne ko na tsakiya. Ki nemi yardarsu kafin ki rubuta, kuma abin da mace ta gaya miki a ɗakin duba kada ya bi ki bakin rijiya. In malaminku ya ga da amfani, ki sa labarin wata mata a wani gari, mai littafi a jaka. Na ba ki shi kyauta. Sunanta ne dai ban yarda ki sa ba.

Saura guda, ita ce mai nauyin. Kunyar ɗan fari ba laifi ba ce, ban kuma ce ki je ki yaƙe ta a garin mutane ba. Tana koya wa yarinya kawaici, tana ba kaka rabonta a jika. Amma ni na riƙe ta har ta wuce inda aka ce a kai. Kaka da kanta, kafin Allah ya karɓi abinsa, ta ce mini, "Amarya, yarinyar ga ta girma, ki sassauta." Na kasa. Abin ya zame mini jiki, kamar mai ɗingishin da ƙafarsa ta warke tuntuni.

Ranar da sakamakon jarrabawarku ta shiga makarantar jinya ya fito aka ce kin ci, gidan nan ya cika. Hassana na guɗa, babanku ya rasa abin yi ya shiga raba goro har da yara, Sani ya hau katanga yana shela. Kika shigo tsakar gida kina neman idona. Na gan ki. Na ce, "Madalla. A miƙo mini ludayi." Na ga yadda fuskarki ta faɗi. Abin da ba ki gani ba, na shiga ɗaki na saki labule, na yi sujada, sannan na tashi na yi rawa. Rawa sosai, ni kaɗai, ba kiɗa, har na ture kwallar Kaka ta faɗo da ƙara. Kuka ce mene ne, na ce kyanwa ce. Gidan nan kuwa kin san ba mu da kyanwa.

Haka na yi ranar da kika fara tafiya, haka ranar da kika sauke Alƙur'ani, haka ranar da na ji kin yi wa tsoho Ɗan-Tabki na unguwarmu allura ya ce bai ji shigarta ba. Kwallar nan duk lotsewar da ke jikinta taki ce. In kin dawo ki duba.

Saboda haka kada ki ƙara cewa ke ce ba a iya yi wa magana. Ke ce wadda aka fi yi wa magana a gidan nan, ba ki dai ji ba ne. Matan da za su zauna gabanki su sunkuyar da kai, kada ki ɗauka babu komai cikinsu. Cike suke, kamar tulu mai ƙaramin baki, sai an karkata shi a hankali. Wata doguwar mata ta karkata ni, shi ya sa kike raye har kike tunanin ajiye riga. Ban san inda Madam Rabi take yanzu ba, an ce ta koma garinsu da ta bar aiki. Ban taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba, "to" na ce mata na fita. Ke ce godiyar tawa. Kada ki ajiye rigar nan. In ta yi miki nauyi ki cire ki wanke ki shanya, da safe ki mayar.

Kifin ki riƙa shanya shi kada ya yi fumfuna. Zogalen na cikin farar leda, yajin na cikin gwangwanin madara. Ki kwana cikin gidan sauro, mai ba da magani ma sauro bai san shi ba. Ki gaida majonku da unguwarzoma da matar da za ta ba ki masauki, ki ce uwarki na gode musu tun kafin ta san su. Ki riƙe salla. In kin kira wayar babanku, kada ki ce a ba ni, kin san ba zan karɓa ba. Ki dai ɗaga murya, ina nan kusa ina tankaɗen da ba ya ƙarewa.

Allah ya sa albarka a hannunki, ya sa duk wanda kika taɓa ya samu sauƙi. Allah ya buɗe miki bakin matan garin, ya buɗe kunnenki gare su. Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya maido mana ke lafiya da takardarki a hannu.

Na daɗe riƙe da biro a nan wurin. Na leƙa tsakar gida, ba kowa sai kaji. An hana baki ne, ban taɓa jin an hana hannu ba. Amma tunda na zo har nan, bari in haɗa duka biyun: ina rubutawa ina faɗa, a hankali, kajin nan shaida ne.

Mariyama.

Ashe haka yake da daɗi a baki. Mariyama, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki, wadda ake ce wa Amarya, daga Madarumfa.